Kwana Uku Kan Wasan Gem Don Tara Sadaka: Shin Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

A kwanakin baya, bayan an idar da sallar Isha'i, wasu samari huɗu suka tsaya jirana a ƙofar masallaci a nan Birnin Kebbi. Ɗalibai ne, biyu daga cikinsu ma na san iyayensu. Bayan mun gaisa, babbansu ya ce, "Allah gafarta Malam, shawara muka zo nema. Muna so mu yi kwana uku muna buga ƙwallon gem ba tsayawa, a riƙa haska mu kai tsaye a Facebook da TikTok, masu kallo suna turo gudunmawa. Abin da aka tara sai mu kai wa yaran da ke kwance a asibiti saboda tamowa. Ya halatta? Kuma muna da lada?"

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce su bar shiririta, amma sai na kame. Saurayin da ya ga yaro mai tamowa har abin ya hana shi sukuni bai cancanci a sallame shi da kalma ɗaya ba. Na ce su ba ni mako guda. Abin da na shimfiɗa musu da suka dawo shi ne nake so in kawo a nan, domin tambayar ta wuce su huɗu. Ta shafi iyayen da ke ganin 'ya'yansu dare da rana kan waya, ta kuma shafi ɗaliban da ke son yin alheri da ɗan abin da suka iya.

Daga ina wannan salo ya fito?

A ƙasashen Turai da Amurka tara gudunmawa ta hanyar wasan bidiyo ya daɗe da zama jiki. Tun 2008 ake gudanar da shirin Extra Life a Amurka, inda masu wasa kan yi awa 24 suna bugawa don tallafa wa asibitocin yara. A 2010 aka fara taron Games Done Quick, wanda ake kwashe kusan mako guda ana yi, sau biyu a shekara, kuma jimillar abin da ya tara ta haura dala miliyan 50. A Faransa, taron Z Event na 2021 ya tara fiye da yuro miliyan 10 domin wata ƙungiya mai yaƙi da yunwa. Wani abin lura gare mu mutanen Kebbi shi ne, taron bazara na Games Done Quick ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, yake tara wa kuɗi, kuma ita ce ƙungiyar da muke gani tana jinyar yara masu tamowa a Maiyama da Birnin Kebbi. Saboda haka duk wanda ya ce babu wani alheri da ya taɓa fitowa daga wannan harka, bai yi adalci ba.

A Nijeriya kuwa abin ya shigo ta ƙofar neman suna a kundin bajinta na Guinness. A watan Mayun 2023 Hilda Baci ta yi girki a Legas, aka tabbatar mata da awa 93 da minti 11, daga nan matasa suka yi ca a kan kowace irin gasar daɗewa. A 2024 kundin ya sanar da cewa wani matashi mai suna Oside Oluwole ya yi awa 75 yana buga wasan ƙwallo na Dream League Soccer a waya, ya zarce awa 50 da wani ɗan Ingila ya yi kafinsa, da manufar tara kuɗi domin wani asibiti a garinsu Ijebu Ode. A watan Afrilun wannan shekarar ta 2024 Tunde Onakoya ya yi awa 60 yana buga darar Turawa a dandalin Times Square na birnin New York, da burin tara dala miliyan ɗaya domin karatun yara marasa galihu. Waɗannan labarai ne samarinmu suka gani, suka ce su ma me zai hana.

Hukuncin wasan kansa

Musulunci bai yi gaba da wasa ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacin Madina, Manzon Allah (SAW) ya tsaya yana kare Nana A'isha (RA) tana kallo har ta gaji don kanta. Abu Dawud ya ruwaito cewa ya yi tseren gudu da ita. A ɗaya gefen kuma ya yi kakkausan hani ga wasan nardu, wanda ake yi da jefa ƙwayoyi masu ɗigo, kamar yadda ya zo a Muslim. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure ya san cewa a babinta na ƙarshe-ƙarshe ta hana nardu da shaɗaranji, ta kuma halatta tseren dawaki da raƙuma da gasar harbi.

Wasan bidiyo sabon abu ne, magabata ba su san shi ba. Mafi yawan malaman wannan zamani da suka yi magana a kansa sun rataya hukuncinsa a kan abubuwa biyu: abin da ke cikinsa, da abin da yake kai mutum gare shi. Idan akwai tsiraici, ko girmama alamomin shirka, ko caca, to haramun ne. Idan babu waɗannan amma ya sa an tozarta salla, ko an saɓa wa iyaye, ko an watsar da karatu da neman abinci, to ya haramta saboda abin da ya jawo. Idan ya kuɓuta daga duka biyun, hutu ne halattacce. Wasan ƙwallo da samarin nan suka zaɓa yana cikin mafi sauƙin matsala ta fuskar abin da ke cikinsa.

Sai dai akwai wata al'ada a gidajen gem ɗinmu da ya kamata a faɗakar a kanta, wato wanda aka ci shi ke biyan kuɗin wasan. Haka nan gasar da kowa zai zuba kuɗi, wanda ya yi nasara ya kwashe. Duk wasan da mutum ya shiga da kuɗinsa, yana tsakanin ya ci na wani ko a ci nasa, wannan ita ce cacar da Suratul Ma'ida ta haɗa da giya ta kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan. Cewa za a ba marayu wani kaso bai wanke ta ba, domin hadisi ya tabbata a Muslim cewa Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓar komai sai mai tsarki.

Wahalar ba ita ce ladan ba

Nan ne tushen maganar. A zuciyar samarin akwai tunanin cewa gwargwadon daɗewarsu ba barci, gwargwadon ladansu. Wannan tunani ne ya kamata a fara gyarawa.

Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas (RA) cewa wata rana Manzon Allah (SAW) yana huɗuba sai ya hangi wani mutum a tsaye. Da ya tambaya, aka ce Abu Isra'il ne, ya yi bakance zai tsaya ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Sai ya yi umarni a gaya masa ya yi magana, ya shiga inuwa, ya zauna, amma ya cika azuminsa. Imamu Malik ya kawo wannan ƙissa a Muwaɗɗa, ya kuma ja hankali ga yadda aka rarrabe masa alkawarin nasa: abin da yake ɗa'a ga Allah aka ce ya cika shi, sauran aka ce ya watsar. Makamancin haka ya faru da dattijon da aka gani yana tafiya da ƙyar tsakanin 'ya'yansa biyu saboda ya yi bakancen zuwa Ka'aba a ƙasa. Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa Allah ba Ya da bukatar mutumin ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Haka kuma igiyar da Nana Zainab (RA) ta ɗaura tsakanin ginshiƙai biyu na masallaci don ta riƙa kamawa idan ta gaji da sallar dare, cewa ya yi a kwance ta.

To, idan tsayuwa don salla da tafiya zuwa Ka'aba aka hana a mayar da su azabtar da kai, ina ga zama gaban allo riƙe da abin sarrafa gem? Wani zai ce ai an gaya wa Nana A'isha cewa ladan umrarta gwargwadon wahalarta ne. Gaskiya ne, amma malamai, ciki har da Imam Shaɗibi a littafinsa Al-Muwafaƙat, sun bambanta wahalar da ke zuwa tare da aikin ba makawa, da wahalar da mutum ya je ya nemo da kansa. Mai ɗebo ruwa wa marar lafiya daga nesa yana da ladan nisan, domin rijiyar can take. Wanda rijiya ke ƙofar gidansa ya zagaya gari da tulu don ya ƙara lada, gajiya kawai ya ƙara.

Idan muka ɗora shirin samarinmu a kan ƙissar Abu Isra'il, za mu ga ya rabu biyu. Tausayin yara masu tamowa, da tara musu kuɗi, da kiran jama'a zuwa ga taimako, wannan shi ne azumin da aka ce a cika. Kwana uku ba barci kuwa tsayuwa ce cikin rana.

Ɗaya daga cikinsu ya yi mini wata tambaya mai ma'ana. Ya ce, "Malam, ai daɗewar ce ke jawo masu kallo. Idan awa biyu za mu yi, wa zai dube mu?" Na ce masa ya yi gaskiya, kuma da wannan maganar tasa ya ajiye abin a mazauninsa. Ashe daɗewar shela ce, kamar gangar da ake kaɗawa don jama'a su taru. Shela kuwa hanya ce, kuma hanya ana auna ta da abin da ta kawo da abin da ta ci. Sai mu auna.

Abin da take ci daga salla da jiki

Awa 75 kwana uku ne da awa uku. A cikinsu akwai sallolin farilla akalla 15, kuma idan Juma'a ta faɗo ciki, ga wani wajibin da ba a yinsa a ɗaki. Ƙa'idar Guinness a irin wannan gasa ita ce hutun minti biyar bayan kowace awa guda, ana iya tara su a haɗa. Ke nan awa biyu kacal mutum yake da su a yini da dare. Idan kowace salla da alwalarta ta ci minti goma, an fitar da minti 50. Saura minti 70 na cin abinci da kewayawa da barci. A kan takarda lissafin yana fita. Amma a dare na biyu da na uku, wace irin salla ce mutum zai yi? Hadisin Nana A'isha a Bukhari da Muslim ya umarci wanda gyangyaɗi ya kama yana salla ya je ya kwanta har barcin ya sake shi, don kada ya tashi neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. Wannan ga wanda barci ya zo masa ke nan. Wanda ya tsara da gangan ya jefa kansa cikin wannan hali a sallolin farilla, lamarinsa ya fi nauyi. Suratun Nisa'i ta bayyana cewa salla farilla ce mai ƙayyadadden lokaci a kan muminai, kuma babu sadakar nafila da ke biyan bashin farilla.

Jiki ma amana ne. Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa suna da haƙƙi, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata Salman. Onakoya, duk da masu kula da shi da ke kewaye, an ruwaito cewa ya yi fama da amai da ciwon ciki a tsakiyar gasarsa. A 2005, a birnin Daegu na Koriya ta Kudu, wani matashi ɗan shekara 28 ya yanke jiki ya faɗi, ya rasu bayan kusan awa 50 yana wasan kwamfuta ba isasshen barci ba abinci. Mu kuma a ƙara mana da yanayinmu, inda a watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, ga ɗaki cike da jama'a, ga hayaƙin janareta. Ba ƙaramin abin takaici ba ne a tashi tara kuɗin asibiti a ƙare da ƙara wa asibitin majinyaci.

Akwai kuma ƙannen da ke kallo. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka, wato halin da mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da cutarwar da yake gani. Gasa ɗaya ba ta mayar da mutum haka. Amma yaro ɗan shekara 12 da ya ga an yi wa yayansa tafi saboda ya kwana uku kan gem, ya samu hujjar da zai kafa wa mahaifiyarsa gobe idan ta ce ya ajiye waya.

Abin da take ci daga aljihu

Tarukan da suka tara miliyoyi a ƙasashen waje suna da abubuwan da ba a faɗa wa samarinmu. Na farko, a Games Done Quick ba mutum ɗaya ke kwana bakwai ido biyu ba. Karɓa-karɓa ake yi, wannan ya buga nasa ya tashi, wani ya zauna. Abin da ke jawo jama'a gwaninta ce. Na biyu, waɗanda ke jagorantar irin Z Event mutane ne da tun kafin ranar suna da ɗimbin mabiya. Na uku, masu kallonsu suna da rarar kuɗi, ga wutar lantarki da intanet da ba sa yankewa, ga kamfanonin da ke ɗaukar nauyin ɗawainiya. Onakoya ma, da ya je tsakiyar New York, manyan mawaƙan Nijeriya suka ziyarce shi, gidajen jaridun duniya suka ɗauki labarinsa, abin da ya shigo a kwanakin wasan ya gaza burin dala miliyan ɗaya nesa ba kusa ba.

Yanzu mu dawo gida. Na ce wa samarin su ɗauki takarda su rubuta. Man janareta na kwana uku, a farashin da fetur ya koma tun cire tallafi a watan Mayun 2023. Datar haskawa kai tsaye dare da rana, bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince wa kamfanonin sadarwa a farkon 2025. Kuɗin ɗaki, da abinci, da ma'aikacin lafiyar da zai zauna kusa. Idan kuma kundin Guinness ake nema, ga shaidu da ɗaukar bidiyo ba yankewa. Sa'an nan na tambaye su: su wane ne mabiyanku? Suka ce yawanci 'yan'uwansu ɗalibai ne. Ɗalibin da ya kwashe awa uku yana kallonku ya ƙone data, kuɗin nan kamfanin waya ya tafi, ko sisi bai isa gadon yaron ba. Da ya tura kuɗin datar kai tsaye, da ya fi amfani. Attajiran da ke iya ba da abu mai kauri kuwa, ɗan kasuwar shinkafa ko mai gidan mai ko babban ma'aikaci, ba a kan TikTok da ƙarfe biyun dare ake samunsu ba. Zuwa ake yi a gaishe su a yi musu bayani.

Ma'aunin a nan mai sauƙi ne. A tara abin da za a kashe, a kwatanta da abin da ake kyautata zaton zai shigo. Idan na kashewa ya kusa kamo na shigowa, to a ɗauki kuɗin man da na datar a kai asibiti, kowa ya je ya yi barcinsa.

Niyya da amana

Bayyana sadaka ba laifi ba ne. Suratul Baƙara ta yaba da bayyana ta, ta kuma ce ɓoye ta a ba matalauta ya fi alheri. Muslim ya ruwaito daga Jarir (RA) cewa wasu mutanen Mudar sun zo Madina cikin tsananin talauci, fuskar Manzon Allah (SAW) ta canza, ya tara jama'a ya kwaɗaitar da su, wani mutumin Ansar ya zo da ƙunshin da hannunsa ya kusa kasa ɗauka, mutane suka biyo bayansa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. A nan ne aka yi bushara ga wanda ya fara kyakkyawan abu aka yi koyi da shi. Saboda haka tara jama'a a fili don taimako yana da asali, kuma wannan shi ne babban abin da ke cikin shirin samarin nan: za su iya sa matasan da ba su taɓa ba da ko naira ɗari ba su fara bayarwa.

Amma gasar da aka gina a kan kyamara da yawan mabiya da neman suna tana da haɗari ga zuciya. Hadisin Abu Huraira a Muslim ya ambaci mai kyauta cikin mutum uku na farko da za a yi wa hukunci ranar Ƙiyama, saboda ya bayar ne don a ce shi mai kyauta ne, kuma an faɗa. Ba ni da ikon leƙa zuciyar kowa, kuma ba na zargin waɗanda na ambata a sama. Kowa dai ya tambayi kansa: da za a ce kuɗin za su ninka amma ba za a ambaci sunana ba, zan yarda? Sunan ma ba ya daɗewa. Kafin 2023 ta ƙare, wani ɗan ƙasar Ailan ya karɓe kambun girkin da aka yi ta murna a kansa a Legas.

Sai amana. Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi da ya dawo daga karɓar zakka ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, ya hau mumbari ya yi tir da hakan. Kuɗin da aka tara da sunan yara masu tamowa nasu ne. Ba ya halatta a cire kuɗin mai ko abincin 'yan wasa daga ciki sai an sanar da masu bayarwa tun farko. Wanda ya turo zakkarsa kuwa, tana da ma'abotanta takwas da Suratut Tauba ta ƙidaya, janareta ba ya cikinsu. Kuma kada a shiga ɗakin jinya da kyamara ana nuna ƙasusuwan yara da fuskokin iyayensu mata don a motsa masu kallo. Alƙur'ani ya yi gargaɗin cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, kuma tallata talaucin mutum ba da yardarsa ba cutarwa ce.

Darasi daga Matan Fada

Mu mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga gasar da ke tara duniya. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, abin da ya zama alamar rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Amma babbar gasar da mutane ke tahowa daga nesa don su gani, wadda dubban masunta ke rugawa cikin Matan Fada da homa da gora, kusan awa guda kawai ake yinta. Abin da ya ba ta armashi shi ne an bar ruwan ya huta tsawon shekara, an shirya, ga gwaninta, ga taron jama'a. Babu wanda ya taɓa cewa sai masunci ya kwana uku cikin ruwa kafin a yarda da bajintarsa.

Haka kakanninmu suka san gayya. Idan gonar wani ta fi ƙarfinsa, samarin unguwa su taru da safe, a yi ta raha ana gasar kunya, kafin rana ta take an gama. Akwai nishaɗi, akwai gasa, akwai taimako, kuma kowa ya koma gida da ƙarfinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa ba a ɗora wa mutum ɗaya ya karye don a ce an yi aiki.

Abin da na ba su shawara

Na ce musu kwana uku ba barci, a yanayinmu da aljihunmu, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, kuma ba na ba su goyon baya a kansa. Amma kada su yar da niyyar. Su mayar da shi gasar yini ɗaya, daga hantsi zuwa Isha'i, a ranar da ba karatu. A yi ta tsakanin unguwanni, Badariya da Gesse da Makerar Gandu da sauransu, ko tsakanin ɗaliban Birnin Kebbi da na Argungu, ana karɓa-karɓa. Da an kira salla a ajiye komai, a kashe haskawar, a tafi masallaci, masu kallo ma su ga haka.

Kafin ranar, su je su gana da hukumar asibitin ko ƙungiyar da suke son taimakawa, su ji abin da ake bukata da hanyar da ake karɓa. Su nemi wani mai hali ya ɗauki nauyin mai da data, wani kuma ya ba da kyautar wanda ya yi nasara daga aljihunsa, don kada kuɗin 'yan wasa su zama abin ci. Su bi 'yan kasuwa da dattawan unguwa su karɓi alkawarin gudunmawa tun kafin a fara. A buɗe asusu na daban wanda mutum biyu ko uku amintattu za su sa wa hannu, ban da asusun ɗayansu. Cikin mako guda bayan an gama, a fito da lissafi dalla-dalla: ga abin da ya shigo, ga inda ya tafi.

Sa'an nan na tuna musu cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne, kamar yadda ya tabbata daga Nana A'isha. Yunwar yaro ba ta ƙarewa ranar da aka kashe kyamara. Idan gasar ta haifar da ƙungiyar samari 30 da ke zuba wani abu duk wata, ko masu lafiya daga cikinsu suka saba da zuwa ba da gudunmawar jini, wanda ba ya cin ko awa guda, to ta yi amfanin da ya fi kuɗin ranar.

Ƙaraminsu ya yi shiru, can ya ce, "Amma Malam, idan yini ɗaya ne ba za mu shiga kundin ba." Na ce masa haka ne, sai su zauna su huɗu su yanke wanne suka fito nema, kundin ko yaran, domin shirin kowanne daban ne. Suka yi dariya, suka ce za su je su yi shawara.

Ku kuma iyaye, idan ɗanku ya zo muku da irin wannan magana, kada ku fara da tsawa. Ku zaunar da shi ku yi lissafin tare, na salla da na lafiya da na kuɗi. Bukhari ya ruwaito cewa lafiya da sarari ni'imomi biyu ne da mutane da yawa ke tafka hasara a cikinsu, kuma matasanmu su ne suka fi kowa mallakar biyun. Aikinmu shi ne mu nuna musu inda za su zuba su.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya karɓi ɗan abin da muke bayarwa, Ya tsare mu daga riya. Allah ne Mafi sani.